Na'urar Ko-Ta-Kwana

Warin ƙonewar roba ne ya fara isa hancin Auta kafin idonta ya ga hayaƙin. Tana zaune a bayan teburin na'urori, gefen dandamali, sai wutar ɗakin taron ta yi ƙasa ta dawo da ƙarfi, babbar amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, ta yi wani ɗan ƙara ta mutu. Lasifikoki suka yi tsit. Ta fizge waya daga soket, ta taɓa ƙarfen na'urar, ta janye hannu da sauri.

Ko waƙa ɗaya ba a yi ba. Wata masana'anta ce ta shirya liyafar sallamar ma'aikatanta da suka yi ritaya, ɗaki ya cika maƙil da rana tsaka, fankoki sai juya iska mai zafi suke yi. An gama jawabai masu sa barci, saura Yaya ya hau.

Yaya wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, mawaƙi tun tana 'yar firamare, ita kuma ita ce mai kula masa da sauti. Ita kaɗai ta san kunnensa na tafiya. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura ƙiris. Ko matarsa ɗauka take miskilanci ne ya same shi da girma. Abin da ke riƙe da shi a dandamali wata lasifika ce da Auta ke ajiyewa a gaban ƙafarsa tana fuskantarsa, ta ƙure mata murya. Da ita yake jin piyano, da ita yake sanin inda zai shiga. Kuma a sana'arsu magana ba ta kwana: ranar da aka ce wane ya kurumce, ranar za a daina kiransa.

"Injiniya, me kike soya mana ne?" in ji Dogo, mai ganga, daga ƙarshen dandamali. Bakin Dogo ba ya ajiye komai. In ya ji abu da safe, kafin la'asar mai gadi ma ya ji.

"Ka ji da gangarka," ta ce, ba ta ko kalle shi ba.

Ta jawo ƙaramar amfilifaya mai batir daga ƙarƙashin tebur. Ta ko-ta-kwana ce, Yaya ne ya dage aka saye ta, kuma ba ya barin mota ta tashi sai ya gan ta da idonsa. Auta ta kalli soket ɗin da ya yi baƙi, ta ce a ranta ko da wasa ba za ta sake sa waya a nan ba. A kan batir za a yi. Ta haɗa makirufo da piyano, ta haɗa lasifikar jama'a, ta haɗa ta Yaya, ta kunna.

Jar fitila ta kama, na'urar ta ɗauke. Ta cire ta Yaya, sauti ya dawo. Ta mayar, ya sake ɗaukewa.

Kullum suna gwada na'urar nan a falon Yaya, amma da lasifika ɗaya, a ce "ɗaya, biyu, ana ji?" a kashe, a yi ta yabonta. Babu wanda ya taɓa ɗora mata biyu. Ashe ɗaya kawai take iya ɗauka, ko ta jama'a ko tasa.

Manajan masana'antar ya iso yana share gumi. "Malama, shugaban kamfani zai tashi fa. Ko ku fara ko in rufe taro."

"Yanzun nan, ranka ya daɗe."

Ta sami Yaya a bayan labule yana gyara wuyan riga, ko a jikinsa, don bai ji komai ba. Ta tsaya daidai gabansa yadda zai ga bakinta, ta faɗa masa a hankali.

"Yaya, bari in ce zazzaɓi ya rufe ka."

"Ni da na gaisa da kowa yanzu da ƙafata?" Ya girgiza kai. "Haɗa ta jama'a, Auta. Ai ba ni na zo sauraro ba."

"To ta ina za ka shiga?"

Tsoro ta gani ƙarara a idonsa, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar da likita ya gaya musu. Ta sunkuyar da kai don kada ya ga nata, sai idonta ya sauka a kan dandamalin. Katako ne.

"Cire takalmi," ta ce.

Ta nufi Dogo. "Matso da gangar ƙafa nan gaba, kusa da Yaya. Babu makirufon da zan ba ka."

"Yau kuma ni ne a gaba? Allah ya sa a ɗauke ni hoto." Ya ja kayansa yana surutu, har ya ga Yaya da safa kawai. "A'a, Maigida, takalmin ma ya ƙone ne?"

Mai piyano ya danna sautin farko. Yaya, da zai wuce ta jikin lasifikar jama'a, ya sunkuya kamar mai gyara ƙafar wando, ya manna kunnen dama da ita, ya ɗauki sautin ya riƙe a maƙogwaro. Ya miƙe ya kama makirufo, ya baje tafin ƙafarsa a katako, ya rufe ido.

Ya shiga a makare kaɗan. Amma kafin baiti ya ƙare ya kamo bugun Dogo ta ƙafa, ya zauna a kai daram. Tsofaffin ma'aikata suka fara gyaɗa kai, wata dattijuwa a layin gaba tana bin waƙar da leɓe.

Auta ba ta ji daɗin ko kalma ɗaya ba, idonta na kan fitilun batir. A gida cike suke nunawa kullum, yau kuwa sai mutuwa suke ɗaya bayan ɗaya kamar ana korarsu. Ta rage ƙarar piyano. Ta kalli baƙin soket, ta kalli wani can kusa da ƙofa inda wayarta ba za ta kai ba. Tana roƙon Allah a kai ƙarshen waƙar nan kawai.

Ba a kai ba. Ana tsakiyar baiti na'urar ta ɗauke ɗif.

Mai piyano ya ɗaga hannuwa daga kan abin kiɗansa. Jama'a suka fara waige-waige da ƙananan maganganu. Yaya kuwa ido a rufe, makirufo a baki, yana ta waƙarsa, har da ɗan matsar da shi nesa in zai ja murya, yadda ya saba.

Sandar Dogo ta tsaya cak a sama. Ya kalli Yaya, ya kalli ƙafar da ke kan katako, sannan ya juyo ya kalli Auta. Girgiza masa kai kawai ta yi, idonta taf da hawaye.

Dogo ya sauke sandar. Ya sassauta hannu ƙwarai don kada ya danne muryar, amma da ƙafarsa ya ci gaba da dukan ganga da ƙarfi, har katakon na rawa.

"Ku yi mana shiru mana!" in ji dattijuwar nan, ta juya tana harara. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar fankoki da muryar Yaya tsirararta, da 'yar rawar da girma ya sa mata. A haka ya kai waƙar ƙarshe. Mutane suka miƙe da tafi. Manaja ma, da ɗazu yake neman rufe taro, yana ta gaya wa na kusa da shi cewa mawaƙin gaske ke nan, wanda mutuwar na'ura ba ta tsayar da shi.

Da aka watse suna naɗe wayoyi, Yaya ya zo yana ɗaure igiyar takalmi, fuskarsa fal annuri. Ya dafa ƙaramar na'urar kamar mai shafa kan ɗa.

"Kun ga abin da nake gaya muku? Kuna ta min dariya ina yawo da ita. Tun daga farko har ƙarshe ko tari ba ta yi ba."

Wayar da ke hannun Auta ta suɓuce. Ta daɗe da sanin kunnen na tafiya, amma sai yanzu ta san inda ya kai, kuma baƙin cikin ya fi na ranar likita. Mai piyano ya buɗe baki zai yi magana, Dogo ya tura masa jakar wayoyi a ƙirji.

Sannan Dogo ya zagayo ta ɓangaren dama, ya tsaya daidai gaban Yaya yadda zai ga bakinsa.

"Ko tari ba ta yi ba, Maigida," ya ce a hankali, ya sunkuya ya ɗauki na'urar ya nufi mota da ita.