Diddigen Dogo

Duk wanda ya koyi karate a hannun Malam ya san ba a burge shi. Ko tsalle ka yi ka taɓo silin, sai ya ce ɗan yatsan ƙafarka ya karkace. Ɗakin horonsa yana saman wani shagon tayoyi: katifun roba da suka sha gumi, madubi mai tsaga, da wata siririyar sanda da yake nuna kuskure da ita. Ba wanda sandar nan ta sani kamar ɗansa, Dogo.

Tun yana ƙarami, in Dogo zai kai shuri da ƙafar dama, sai diddigensa na hagu ya ɗan ɗaga kafin ƙafar ta tashi. Abu ne da ido bai cika kamawa ba, amma idon Malam ba na kowa ba ne.

"Diddige ƙasa!" in ji shi, ya ɗana masa sanda. "Kana yi wa abokin faɗanka sallama kafin ka shure shi?"

Dogo ya girma, ya ci gasa iri-iri, diddige bai daina tashi ba. Hali zanen dutse.

Sai wani kamfani mai yin wasannin faɗa na na'ura ya ɗauke shi aiki. Sukan sa masa matsattsun kaya masu ƙananan ƙwallaye a kowace gaɓa, ya yi ta naushi da shuri, kyamarori suna ɗauka. Motsin nan suke ɗora wa wani ɗan karate na cikin wasan mai suna Guguwa, mai shuɗin kaya da tabo a haɓa. Fuskar ba ta Dogo ba ce, muryar ma haka, amma tsayuwa da tafiya da shuri duk nasa ne. Wasan ya yi fitowa uku, duniya ta san Guguwa. Malam ko sau ɗaya bai kalla ba. Wasan yara, in ji shi.

Rana tsaka wata babbar mota ta bi ta kan babur ɗin Dogo a mararraba. Ko asibiti bai kai ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, gida ya yi tsit, ƙanwar Dogo ta ɗauko na'urarsa ta wasan ta haɗa da talabijin ɗin falo, don uwarsu ta ce tana son gani. Malam ya zo wucewa da kofin shayi, daidai lokacin da Guguwa ya kai shuri. Diddigen hagu ya ɗaga.

Malam ya ajiye kofin, ya zauna.

Da manyan yatsunsa masu kanta ya koyi maɓalli ɗaya tak, na shurin dama. Kullum da safe kafin ya tafi aiki, shi da matarsa sukan zauna a doguwar kujera. Ya danna, diddige ya tashi, ta ce, "Sake." Akwai bidiyon Dogo a waya, amma bidiyo abin da ya wuce ne. Wannan kuwa in ka kira shi yana amsawa. Ba su da wani abin da ya rage musu na ɗansu da ke motsi in an taɓa shi.

Wata rana shugaban masu haɗa wasan ya zo gaishe su, wani saurayi mai gilashi, mai ladabi har ya yi yawa. Ya ce sun yanke shawara ba za su ɗauki wani ba, Guguwa zai ci gaba da tafiya da jikin Dogo. Uwar ta yi ta sa masa albarka. Aka kunna wasan, sai Mai Gilashi ya juyo.

"Baba, kai ka koya masa. Ya ka ga aikinsa?"

Malam so yake ya ce bai taɓa ganin ƙafa mai kyau irin ta yaron nan ba, ya ce da wannan motsin yake gane ɗansa ko cikin mutum dubu. Amma bakin da bai saba yabo ba, ba a ranar baƙin ciki zai koya ba. Bakin ya yi abin da ya iya.

"Diddigen hagu yana tashi kafin shuri."

Mai Gilashi ya matsa kusa da talabijin, ya sake kallo. "Wallahi haka ne, Baba! Mu mun ɗauka haka ake yi."

"Ba haka ake yi ba," in ji Malam.

Matarsa ta dube shi ta gefen ido.

Wasan nan ba a faifai yake ba, daga intanet ake sauke shi, kuma lokaci-lokaci kamfani yakan turo gyara. Bayan 'yan makonni wani gyaran ya zo, ƙanwar Dogo ta danna amincewa kamar yadda ta saba, ta tafi wurin aikinta.

Da safe Malam ya zauna, ya danna. Guguwa ya kai shuri mai tsafta, a miƙe, irin wanda Malam ya yi shekaru yana nema. Diddigen hagu yana ƙasa kamar an buga masa ƙusa.

"Sake," in ji matarsa.

Ya sake.

"Sake."

Ya sake. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan ba ɗana ba ne."

Nan take ya kira Mai Gilashi. Yaron ya ɗauka da murna.

"Baba, ka gani? Mun gyara! Don girmama ka muka yi, mun ce maganar malaminsa ba za ta faɗi ƙasa banza ba."

"Ku mayar da shi yadda yake."

Murnar yaron ta koma ciki. "Baba, ai gyaran ya riga ya shiga kowace na'ura a duniya. Masu gasar wasan ma har sun fara atisaye da sabon."

"Ni ba ruwana da duniya. Na gidana nake nufi."

"Ba a raba wa gida ɗaya, Baba. Amma zan yi magana da manya."

Malam ya san abin da wannan ke nufi, shi ma ya sha faɗa wa iyayen ɗalibai haka. Da yamma ƙanwar Dogo ta dawo, ta yi ta lalube cikin na'urar tana kuka, ta kira abokan yayanta ɗaya bayan ɗaya. Kowa amsarsa ɗaya: sabo ya hau kan tsoho, ya shafe shi.

Uwar ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta miƙe ta cire wayar na'urar daga bango, ta naɗe ta a hankali.

"Tun yana shekara biyar kake ce masa diddige ƙasa," ta ce. "To, ga shi ya ji maganarka."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Washegari Malam ya riga ɗalibai zuwa ɗakin horo. Ƙarar injin hura taya tana tasowa daga ƙasa. Ya cire takalmi, ya tsaya gaban madubin nan mai tsaga, ya gyara tsayuwa irin ta Dogo. Ya san motsin sarai, ba wanda ya kai shi saninsa. Abin da yake so kawai ya gan shi sau ɗaya, ko da a jikinsa ne.

Ya kai shuri. Diddigensa bai motsa ba.

Ya sake, yana ɗaga shi da gangan, sai ya fito kamar na mai tsallake kwata, ba haka Dogo yake yi ba. Ya sake, ya sake, har gumi ya jiƙa masa riga, gwiwarsa ta fara zafi. Duk lokacin da ƙafar dama ta tashi da gaske, diddigen hagu sai ya kama ƙasa, kamar yadda ya hore shi tun yana saurayi.

Da ɗalibai suka fara hawowa, suka same shi zaune a kan katifa, ya riƙe ƙafarsa ta hagu da hannu biyu, sanda tana yashe a gefe.