Kada Ka Taɓa Sandar

Watan Janairu ne, teku ya kwanta luf kamar mai a kasko. Da hantsi, mun wuce tsibirin Churna ke nan, wani ƙaton kifi ya haɗiye ƙugiyar Sohrab, attajirin Karachi da ya yi hayar jirgina don nishaɗi. Na ɗaure Sohrab a kujera da ɗamara, yadda masu irin wannan kamun suke so.

Azahar ta wuce ni, La'asar ma, ban sami sakin sitiyari ba. Kifin sai jan mu yake yi kudu. Tafin hannun Sohrab duk ya saɓule.

Na ce, "Yallaɓai, miƙo sandar ƙugiyar. Minti goma na kawo maka kifin."

"Kada ka taɓa, Pirbakhsh. Da zarar wani ya sa hannu, ba ni na kama ba."

"To, mu yanke igiyar."

"Sai dai ka yanke hannuna."

Dab da Magariba kifin ya taso a galabaice. Sohrab ya shafa bayansa, ya ɗauki hoto, ya ce in cire ƙugiyar in sake shi.

Na sake shi. A cikinmu mu uku, shi ya fara isa gida.