Ramin da Ba Ya Kan Taswira

Da masu toshe tsoffin ramukan haƙar ma'adinin yuraniyam suka iso Cove, wani ƙauyen ƙabilar Navajo, ramuka goma sha ɗaya taswirarsu ta nuna. Wilbert Deschenie ya ji labarin a wurin ɗiban ruwa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shekara goma sha tara ya yi yana haƙa a cikin duwatsun nan tun yana saurayi, ba abin rufe hanci, ba wanda ya gaya musu ƙurar tana kisa. Ramukan da ya sani sun haura ashirin.

Sai suka ɗauke shi ɗan jagora. Kowace safiya shugabar aikin, Marlene Tsinajinnie, wadda ita ma 'yar ƙabilar Navajo ce kamarsa, takan zo da a-kori-kura, ta ajiye masa tukunyar iskar numfashinsa a tsakanin ƙafafu.

"Kaka, yau kuma ina za ka ɓatar da mu?"

"Ke da kika sha boko, tambayi takardarki mana."

Da leɓe yake nuna hanya. Su sauka da na'urarsu mai ƙara ƙyas-ƙyas in ta ji gubar yuraniyam, su kafa jar tuta. Shi kuwa yana zaune a mota yana tuna waɗanda suka yi aiki tare a ramin. Ba ya kiran sunansu, don a al'adarsu ba a ambaton sunan mamaci. Ciwon ƙirji ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan mako uku Marlene ta naɗe taswira, ta ce an kammala. Wilbert ya daɗe yana kallon gwiwoyinsa.

"Da saura," ya ce. "Juya hagu."

Hanyar ta kai su gidan Roselyn, 'yar marigayiya yayarsa. A bayan tudun gidan akwai wani ƙaramin rami da kamfani ya watsar tun da can. Shekarar da yayarsa ta yi aure, daga nan ya yi ta jido faffaɗan duwatsu a keken doki, ya aza harsashin ɗakinta, ya yi mata daɓe. Har daga nesa mata ke zuwa kallon santsin daɓen. Ciwon ƙoda ya kashe ta kafin ta yi furfura.

Roselyn tana saƙa a inuwa, ta miƙe tana karkaɗe zarurruka daga siket.

"Kawu, haka ake kawo baƙi ba labari? Ko burodi ban soya ba."

Marlene ta gaishe ta, ta nemi izinin shiga. Tun daga bakin ƙofa na'urar ta haukace da ƙara. Ta fito jiki a sanyaye, ta yi wa Roselyn bayani a hankali: duwatsun suna fitar da guba, dole a rushe ɗakin, kuma kada kowa ya sake kwana a ciki.

Roselyn ta tako har gefen motar.

"Kawu, ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Shekara tara. A wani taro aka yi maganar gidaje irin wannan. Sau da yawa na kamo hanya, sai in kasa."

"Jikokina uku a kan daɓen nan suka yi rarrafe," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta juya ta nufi garken tumaki, ba ta waiwayo ba.

Wata guda ba ta neme shi ba, shi ma kunya ta hana shi zuwa. Ranar rushewa ya roƙi Marlene ta kai shi. Ma'aikata cikin fararen kaya suna yayyafa ruwa don ƙura, katafila tana kwasar duwatsun tana zubawa a manyan motoci. Ya gane wasu daga cikinsu. Da hannunsa ya sassaƙa su. Da bangon gabas ya faɗi, Roselyn ta rufe fuska da mayafi. Can sai ta zo, ta buɗe ƙofar motar, ta zauna kusa da shi.

"Ka rame, Kawu. Wa ke dafa maka?"

Tun daga ranar takan aiko masa da romon tunkiya duk Lahadi, amma ba ta sake tayar da zancen ba, shi ma haka.

Wilbert ya rasu a tsakiyar sanyi, ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Da bazara aka ɗora rufin sabon gidan da aka gina wa Roselyn. Ranar tarewa Roselyn ba ta nan. Ta kai ƙaramar jikarta asibiti, za a sake duba mata ƙoda.