Tabarau a Goshi

Duk wanda ya taɓa zama a kujerun 'yan adawa a majalisar nan ya san tabarau ɗin Jagora. Ba wani abin a zo a gani ba ne, tsoho ne baƙi, ƙafarsa ɗaya ma ta ɗan karkace. Amma shi ke kaɗa ƙuri'ar jam'iyya. Idan Kakakin Majalisa ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, sai 'yan adawa su saci kallon Jagora, wanda kujerarsa ke kusurwar da kowa ke hango fuskarsa. In tabarau na idonsa, a ɗaga. In ya cire ya ajiye a tebur, kowa ya naɗe hannunsa. Haka suka saba tun zamanin da maganarsa ke cika fili.

Malama ta san wannan tun kafin ta shigo majalisa, don matar ƙanin Jagora ce. Tana koyarwarta a firamare, mijinta ne ɗan majalisa. Sai wani mai shirin rediyo ya tasa mutanen unguwarsu a gaba, kullum safiya yana ce musu ciyawa, yana tambayar yaushe za a yi noma. Ranar da matasa suka zo da sanduna da fetur, mijinta ya fita bakin layi ya tare su da baki. Da mayafinta aka rufe gawarsa aka shigo da ita gida. Mai rediyon kuwa ko kwana ɗaya bai yi a hannun hukuma ba, wai babu dokar da ta hana mutum magana.

A zaman makoki Jagora ya yi kuka har da majina, ya ce muddin yana numfashi sai an yi dokar. Da wannan alkawari ya lallaɓa ta ta tsaya takarar kujerar marigayi.

To ga dokar ta zo, amma daga hannun gwamnati. Gwamnatin kuma ƙuri'unta ba za su isa ba sai 'yan adawa sun taya ta. Nan jam'iyya ta dare gida biyu. Lauya, mataimakin Jagora, ya rantse cewa tarko ne, da dokar za a kwashe su ɗaya bayan ɗaya a ce sun yi kalaman ƙiyayya. Malama ba ta ce ƙarya yake ba. Ita dai ta ce a gyara abin gyarawa a wuce da ita, domin ta ga abin da baki yake yi wa mutum. Tsakanin ɓangarorin biyu kuma akwai 'yan ba-ruwanmu, masu yawan gaske, waɗanda tunda suka zo majalisa ba su taɓa wahalar da kansu da tunani ba, tabarau kawai suke jira.

Shi kuwa Jagora, falo biyu ne a gidansa. Mutanen Lauya a na gaba, mutanen Malama a na baya, shi yana zirga-zirga a tsakani da kofin shayi, kowa ya fito yana murmushi. Jaridu suka fara yi masa zane da baki biyu. Yara a titi, da a da suke bin motarsa da gudu, yanzu sai su yi masa ihun "Wane falo?"

Da safiyar ranar ƙuri'a Malama ta same shi a ofis yana goge tabarau da gefen rigarsa.

"Yaya, ba dogon zance na zo yi ba. Yau zai zauna a idonka ko kuwa?"

"Haba ƙanwata. Ni za ki tambaya? Ɗan'uwana ne fa, ciki ɗaya."

"Na sani. Amsa nake so."

"Ba zan cire ba. Na ce miki ba zan cire ba. Je ki kwantar da hankalinki."

Ta yarda. Abin da ya fi cin ranta daga baya ke nan, ta yarda har da yi masa godiya.

Aka yi muhawara har maƙogwaro ya bushe. Lauya ya yi magana, ya yi kyau. Malama ta tashi, ta faɗi abin da ta gani a bakin layinsu. Jagora kuwa yana ta jujjuya takardu kamar mai neman abin da ya ɓace. Sai Kakaki ya buga gudumarsa ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu.

Malama ta ɗaga nata kafin ta duba. Da ta duba, sai ta ga Jagora ya kai hannu fuskarsa a hankali, ya tura tabarau sama, ya ɗora shi a goshi, ya hau murza idanu kamar wanda barci ya kama.

Ba a ido ba, ba a tebur ba. 'Yan ba-ruwanmu suka yi cirko-cirko. Wani ya ɗaga hannu rabi, ya waiga, ya mai da shi sosa ƙeya. Wani dattijo a bayanta ya raɗa, "Wannan kuma me ke nan?" Kafin su gama kallon juna an gama ƙirga. Dokar ta faɗi, da tazarar da ba ta kai yawan mutanen da ke zaune a jerin kujerunta ba.

A baranda Jagora ya tare ta, tabarau ya koma ido.

"Ƙanwata, kin dai gani da idonki. Ban cire ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Idonsa iri ɗaya da na marigayi, wannan ya ƙara mata baƙin ciki.

"Na gani, ranka ya daɗe," in ji ta.

Ya ɗan yi turus, don tunda ta shigo gidansu ba ta taɓa kiransa da wani abu ba sai Yaya. Amma ya hango Lauya, ya yi gaba da sauri. Ba ta yi nisa ba ta jiyo shi yana cewa, "Ka ga dai ban bar shi a ido ba." Lauya ko tsayawa bai yi ba, ya yi tsaki ya wuce.

A ɗakin shan shayi rediyo na kunne. Muryar nan ce, wadda ko a kabari za ta gane ta, tana dariya, tana taya masu sauraro murna, tana cewa gobe da safe akwai magana a kan wata unguwa. Malama ta ajiye kofinta ba ta kurɓa ba.

Da aka koma zama bayan azahar, aka kawo wani ƙaramin ƙuduri kan gyaran hanyoyi. Kakaki ya ce masu goyon baya. Jagora ya cire tabarau, ya ajiye a tebur. Hannuwa suka tashi nan da can a kujerun 'yan adawa, kowa da abin da ya ga dama. Ya ɗauka ya sake ajiyewa da ƙarfi, har ya yi ƙara. Babu wanda ya waigo, har 'yan ba-ruwanmu.

Malama kaɗai ke kallonsa. Ya ɗago, idonsa tsirara, yana roƙonta. Ta bari sai da ta tabbata ya gan ta sosai, sannan ta ɗaga hannunta.