Wanda Ya Ci Hular Mai Tasha

Maganar daga bakin ƙanwar mijin Malama ta fito, wadda duk layin ke kira Rediyo don ba a iya kashe ta, sai dai a rage mata murya. Wai malam-buɗe-littafin da ke shawagi a kan bishiyar lemon tsamin Malama su ne ke shiga ta taga, su yi ƙwai a cikin kaya, 'ya'yansu su cinye tufafin mutane. Rediyo ta ji a wurin matar tela, matar tela ta ji a wurin kakarta, kakar kuwa ta daɗe da rasuwa, babu halin a tambaye ta inda ta gani.

Da a layi maganar ta tsaya, da Malama ko kai ba za ta ɗaga ba. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da ilimin halittu, ta ji abin da ya fi wannan. Amma ran Talata mijinta, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa da har yanzu ake ce wa Mai Tasha, yana laluben safa a durowa sai ya ci karo da hularsa ta ulu. Ƙofa uku a ƙeya.

"Kin gani ko? Har yatsana na wucewa."

"Sai ka gode, Malam. Bazara ce, kai na son iska."

Bai yi dariya ba. "Bishiyar nan a bakin tagarmu take. Na yi wa mai saran itace magana, Asabar da safe zai zo."

Malama ta ajiye kofin shayinta. Da hannunta ta dasa lemon nan shekarar da ta bar aiki. Kullum da hantsi tana zama a gindinsa da ɗan littafinta, tana rubuta malam-buɗe-littafin da suka zo mata baƙunta: manyan nan masu baƙi da ruwan ɗorawa, ƙananan farare da ba sa iya zama wuri ɗaya, da wani shuɗi da sau biyu kacal ta taɓa gani, tana jiran na uku.

"Ba ni kwana huɗu," in ji ta.

Ta wanke kwalaben zuma guda uku, ta ɗaure bakinsu da gidan sauro. Ta tsinto tsutsotsi daga ganyen lemon, ƙananan kamar kashin tsuntsu, manyan kore shar. Kwalba ta fari ta sa musu ganye. Ta biyu, guntun hula. Ta uku, ganye da hula tare, kowa ya zaɓi abin da ransa ke so.

"Hular tawa kika sa wa almakashi?"

"Ai ta riga ta cika, Malam. Gawa nake bincike."

Ran Alhamis Rediyo ta shigo, ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta hango kwalaben a kan tebur.

"Matar yaya, mutane na kiwon kaji, ke tsutsa?"

"Su ba sa kai labari gida-gida. Matso ki duba."

Ganyen kwalba ta fari saura jijiya. A ta uku ma haka, hular kuwa ko lasa ba a yi ba. Na kwalba ta biyu sun hau can sama sun manne, sun rame, sun juya wa hular baya.

Rediyo ta taɓe baki. "Kunya suke ji. Wa zai yi ɓarna kin tsare shi da tabarau?"

"Wannan magana ce," in ji Malama, ta rubuta ta a littafi. Ta ɗauko tawul ta lulluɓe kwalaben. "To, ga sirri an ba su."

Washegari ta yaye tawul. Hula na nan yadda take. Tausayin 'yan kwalba ta biyu ya kama ta, ta jefa musu ganye, suka far masa kamar an biya su.

Mai Tasha ya daɗe yana leƙen kwalaben, hannu a baya, kamar mai duba tikiti.

"Na ji, ba su ci a gabanki ba. Amma hula ba ta ci kanta ba. In ba ki kawo mini mai laifi ba, gobe gatari zai yi aiki."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa abin ya ci mata rai. Ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗaki, don ita in tunani ya cushe mata shara take yi. Tana zura tsintsiyar ƙarƙashin gado sai wani ɗan abu ya fito, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, launin busasshiyar ciyawa. Bai nufi taga ba. Gudun haske yake yi, ya koma duhu da sauri. Asu ne. Malama ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙorafi, ta bi shi da ido har ya shige wata kafar tsatsa a kusurwar akwatin ƙarfen mijinta.

Ta san abin da ke ciki: kwat ɗin aikinsa ta ulu mai maɓallan tagulla. Shekara goma sha takwas tana kulle, ko shanya bai yarda a yi ba, wai rana za ta ci launinta.

Asabar da hantsi mai saran itace ya iso, ya jingine gatarinsa a jikin lemon. Rediyo ta riga shi zuwa, har ta samu kujera.

"Malam, a fito da akwatinka tsakar gida a buɗe," in ji Malama. "In kwat ɗinka lafiya take, ni zan riƙe wa bawan Allahn nan igiya."

"Akwatin da ko iska ba ta shiga?"

"Ai shi ya sa. Malam-buɗe-littafi ba shi da mabuɗi."

"Buɗe mata, Yaya, mu huta," in ji Rediyo.

Mai saran itace ne ya taya shi ɗauko akwatin. Mabuɗin ya yi gardama, sannan ya juya. Ana ɗaga murfin asu suka tashi kamar an busa toka. Rediyo ta yi baya da kujerarta tana kaɗa mayafi.

Mai Tasha ya kama kwat ɗin ta kafaɗu ya ɗaga. Hannu ɗaya ya zauna a cikin akwati. Rana ta ratsa bayanta ta zuba ɗigo-ɗigo a ƙasa kamar ta rariya. Maɓallan ne kaɗai suka tsira, suna ta ƙyalli abinsu.

Mai saran itace ya dubi kwat, ya dubi bishiya, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wanne zan sare?"

Bai jira amsa ba. Ya saɓa gatarinsa ya yi sallama.

Malama ta mayar da tsutsotsin kan reshe ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a gindin lemonta, ta buɗe littafi ta rubuta: "Tsutsar lemo ganyen lemo take ci. Asun da ya ci hular daga kwat ɗin Malam ya fito."