Sunayen da Ruwan Lagdo Ya Rufe

Kun gan su, kada ku ce ba ku gan su ba. A filin taron siyasa a Garwa, can gefen rumfar manya inda inuwa ba ta kai ba, mutum uku ne cikin rana da kayan kiɗansu. Kun tafa wa mai jawabi, kun karɓi riga mai hoto, kun kama hanyar gida. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya sa mai ganga yake dukan iska.

Iskar kuwa yake duka. Masu shirya taro sun kawo piyano mai lantarki, irin wanda da an danna masa maɓalli yake kaɗa kansa da kansa. Aka ce wa Édouard mai ganga ya zauna a bayan gangunansa ya riƙa ɗaga sanda yana saukewa, amma kada ya taɓa fata, don kada ya ɓata wa injin lissafi. Angélique mawaƙiya tana riƙe da makirufo, wani mai babbar riga yana raɗa mata sunayen manya a kunne, tana zuba su ɗaya bayan ɗaya cikin karin da bai taɓa sauyawa ba. Ilyasu, shugabansu, mai gita, shi ne mai danna maɓallin.

Shekarun da ake kira kiriz ke nan, lokacin da aka zaftare albashi, darajar kuɗin sefa ta faɗi, gidajen rawa suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masu biki suka koma hayar kaset da lasifika. Abin da ya rage wa makaɗa shi ne kiran sunan mai mulki.

Da aka watse ranar, Édouard ya naɗe sandunansa cikin tsumma, ya ce wa Ilyasu, wanda suke kira Shef, wato shugaba, “Shef, wani coci a Bibemi yana son gangunan nan. Zan ba su, in nemi babur in shiga haya.”

Ilyasu ya ce, “Kai da ko keke ba ka iya ba?”

“Faɗuwa a kan babur ta fi wannan. Ko banza ƙasa za ta san na taɓa ta.”

Ilyasu ya shiga naɗe wayar gitarsa. Tun suna samari suke kiɗa tare, ya kuma san in Édouard ya tafi babu sauran ƙungiya, sai shi da maɓalli. Abin da ya fi damunsa shi ne, da ya laluba zuciyarsa bai sami dalili ko ɗaya da zai ba abokinsa ya tsaya ba. Shi kansa ya manta rabon da ya ɗauki gita don yana so.

A makon nan ne Dada Halime ta zo. Tsohuwa ce mai sana'ar bandar kifi a Lagdo, garin da ke bakin tafkin madatsar ruwa, takan kawo kaya kasuwar Garwa. Ta yi sallama gidan Ilyasu a unguwar Hausare, ƙamshin hayaƙin kifi yana biye da ita, ta ce jikarta Lauratu za a aurar, kuma ba ta son kaset.

“Ba na son na zamani kuma,” in ji ta. “Waƙoƙin da nake so, na bakin kogi, tun kafin a datse ruwa. An ce mini mahaifinka ɗan kogi ne.”

“Allah ya jiƙansa. Fataken goro ne su, da jirgin ruwa.”

“To ɗan jirgi ba ya rasa waƙar jirgi. Ka tabbata ka zo da ta masu tuƙi.”

Ilyasu ya roƙi Édouard ya jinkirta cinikin gangunan zuwa bayan bikin. Édouard ya ce, “Wannan ɗaya. In yi sallama da su a kan fata, ba a kan iska ba.”

Kaset-kaset ɗin mahaifin Ilyasu suna cikin wani tsohon kwandon goro a ƙarƙashin gado. Wani makaɗin garaya ne da ya daɗe da rasuwa ya yi waƙoƙin, aka ɗauka a bakin ruwa, har ana jin kukan tsuntsaye a baya. Su uku suka zauna ƙarƙashin darbejiya da hantsi suna saurare, suna mayarwa, suna kwaikwayo. Kiɗan ba ya tafiya a miƙe. Yakan ja, ya ɗan dakata kamar mai tuƙi ya ɗaga filafili, sa'an nan ya faɗa. Ilyasu ya gwada sa injin ya bi, injin ya yi gaba abinsa ya bar waƙar a baya.

Édouard ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. “Kashe shi, Shef. Wannan bai taɓa shiga kwalekwale ba.”

“Kai ka taɓa?”

“Na taɓa kifewa a ciki. Ai shi ne karatun.”

Édouard ya sa hannu a fata. Kafin azahar gumi ya jiƙa masa riga, maƙwabta mata sun leƙo ta katanga, Angélique tana jan murya zuwa wuraren da ta manta tana iya kaiwa. Ilyasu ya ji yatsunsa suna zafi, zafin da ya yi kewa. Amma da aka tashi, Édouard ya ce, “Kada ka dube ni haka. Maganar coci tana nan.”

Waƙar masu tuƙi ita ce ta ƙarshe a kaset ɗin. Amshinta gajere ne: “Tuƙa, ɗan kogi, gida yana gaba.” A tsakiyarta mawaƙin yakan tambaya, su wa ke bakin ruwa a gari kaza, ya bi garuruwan gaɓar kogin ɗaya bayan ɗaya. Angélique ta fara haddace su, Ilyasu ya miƙa hannu ya tsayar da kaset.

“Wannan wurin za mu tsallake shi.”

“Don me, Yaya Ilyasu?”

“Ba ki gaji da kiran sunaye ba? Na rantse ba za mu je Lagdo mu yi aikin filin taro ba. Kuma garuruwan nan ruwan madatsa ya cinye su. Biki za mu je, ba ta'aziyya ba. Ki kira wa mutum garin da kabarin ubansa ke ƙarƙashin ruwa, ranar auren ’yarsa?”

Magana ce mai hankali, duk suka yarda. Abin da bai faɗa ba shi ne, cikin sunayen akwai Mashayar Goro, inda aka binne cibiyarsa, inda aka ɗauko shi yana yaro aka kawo Garwa. Mahaifinsa ya yi ta cewa zai mayar da shi ya ga wurin, har ruwa ya riga su. Tun daga nan Ilyasu ba ya son jin sunan a bakin kowa.

Ranar biki suka isa Lagdo bayan azahar a bayan motar kifi. An share fili tsakanin rumfunan banda da bakin tafki, an shimfiɗa tabarmi, an yayyafa ruwa a tsakiya don masu rawa. Tafkin ya miƙe har inda ido ya gaza, kawunan duwatsu sun leƙo daga cikinsa nan da can. Bayan la'asar aka fara. Waƙa ta farko, ’yan mata suka shiga fili. Ta biyu, iyayensu suka bi su. Tsofaffi suna zaune suna gyaɗa kai, wasu suna bin baitin da leɓe. Ilyasu ya waiwaya ya ga Édouard ya rufe ido yana kaɗawa.

Sai aka zo kan waƙar masu tuƙi. Da jin karin farko kowa ya fita daga fili, har yara aka janye. Mutane suka koma suka zauna ƙungiya-ƙungiya, tsofaffi suna gyara mayafi, wani dattijo ya jawo sandarsa kusa. Angélique ta yi amshi, ta yi baiti, ta tsallake tsakiya kamar yadda aka shirya, ta kai ƙarshe. Fili wayam. Ba tafi, ba guɗa. Dattijon nan ya mayar da sandarsa ƙasa a hankali.

Ilyasu ya dubi mutanen da ke zaune. Ya ce a ransa, ko da na faɗa, waƙar ta tayar musu da baƙin ciki. Édouard ya ajiye sanduna a kan cinya, fuskarsa ta koma irin ta filin taro.

Dada Halime ta taso ta zo gabansu, ba fushi a fuskarta, sai mamaki.

“Ɗana, jirgin naku ba ya tsayawa ko'ina ne?”

“Dada, mun ga kamar sunayen za su ɓata wa mutane rai.”

“Ai su muke jira. A wannan waƙar ba a shiga fili sai an kira garin mutum. In an kira, mutanen garin su tashi su zaga, a ga waɗanda suka rage, a ga waɗanda aka haifa. Haka muke yi tun muna can. Da aka kwashe mu aka watsa, wasu nan, wasu hanyar Bibemi, sai a biki muke haɗuwa. Dubi tsohon can, daga nesa ya zo da ciwon ƙafa, don zagaye ɗaya.”

Ilyasu ya dubi Angélique. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ban haddace su ba, Yaya. Ka ce a bari.” Kaset ɗin kuma yana Garwa cikin kwando.

Édouard ne ya yi magana. “Shef, a filin taro wani ke raɗa mata sunaye. Nan ma sai a raɗa mata.”

Dada Halime ta ce, “Raɗa? Sunan garinmu ba abin kunya ba ne. Ke ’yata, ki yi tambayar, ki bar mana wurin.”

Aka sake ɗaukar waƙar. Angélique ta ja murya, “Su wa ke bakin ruwa a…” ta yi shiru. Édouard ya riƙe kiɗan a daidai inda filafili ke sama. Daga cikin tabarmi muryar dattijon nan ta fito, a dushe: “Wuro Hamadu.” Ganga ta faɗa. Ya dafa sanda ya miƙe, mata uku da samari suka bi shi, suka zaga fili a hankali, yana ɗingishi yana kallon gaba. Aka yi guɗa, amma ba mai tsawo ba.

“Tungar Malum.” Waɗannan suna da yawa, har da jarirai a goye. Amarya Lauratu aka fito da ita ta zaga tare da kakarta, ita da ba ta taɓa ganin garin ba. Aka kira wani, aka kira wani. Masuntan da suka zo daga arewa bayan an yi tafkin, waɗanda garuruwansu ba sa cikin waƙar, su ma wata mata a cikinsu ta yi ƙarfin hali ta kira garinsu Bogo, aka yi dariya aka ce su shiga, kogi ba ya korar baƙo.

Da sunaye suka yi kamar sun ƙare, Dada Halime ta ɗaga hannu. “Saura ɗaya. Ba a tsallake gari don ba kowa.” Angélique ta yi tambayar, tsohuwa ta amsa: “Mashayar Goro.”

Ba wanda ya tashi. Al'adar ita ce, in gari ba shi da mai zagawa, ganga ta yi masa zagayen ita kaɗai. Édouard bai san da al'adar ba, amma bai tsaya ba. Ya rage ƙarfi ya ci gaba, mutane suna kallon filin da ba kowa. Gitar Ilyasu ta yi shiru. Ya ji hannunsa ya zare wayar daga jikinta. Ya sauka daga kan dakalin da suke, gita a rataye, ya shiga fili. Bai iya takun ba, ya dai bi sawun da sandar dattijo ta bari a ƙasa mai laima. Ya ji wata tsohuwa tana tambaya ɗan wane ne, wata tana amsawa da sunan mahaifinsa, da sunan kakansa wanda shi kansa bai taɓa ji ba. Édouard ya ja kiɗan, bai sauke ba sai da Ilyasu ya dawo inda ya faro.

Suka kamo hanyar Garwa washegari da safe, a bayan motar kifin. Édouard yana rungume da babbar gangarsa don kada gargada ta fasa ta. Can wajen rabin hanya ya shafa fatar ya ce, “Ta saki. Sai an sauya ta kafin bikin mutanen Wuro Hamadu. Tsohon ya ce bayan girbi.”

Ilyasu ya ce, “Coci fa?”

“Su nemi inji.” Édouard ya sake shafa fatar. “Amma ka fito da kwandon nan duka, Shef. Kuma wannan karon ba mai tsallake komai.”

Ƙungiyar ba ta yi arziki ba, kada ku zaci haka. Sun dai koma ɗaukar kaya suna bin ƙauyuka, suna isa wurin biki tun kafin masu biki su shirya. Dattijon mai sanda bai ga girbi na biyu ba, Dada Halime kuma muryarta tana raguwa.

Ku da kuka wuce su a filin taro, a gidanku akwai tsohuwa ko tsoho da ke riƙe da sunan wani wuri da waƙarsa, kuna ƙara ƙarar rediyo in ya fara. Ku kashe rediyon yau. Ku zauna ku tambaye shi sunan, ku sa ya rera har ku iya. In kuma biki ya taso a gidanku, ku kira masu dukan fata da hannu, ku ce su bar muku wurin da za ku amsa.