Hayaƙin Maraɗi

Sau ɗaya Jimrau ya taɓa zuwa Maraɗi, shi ma rakiyar motar shanu ce, amma tun da ya dawo Dakoro ba wanda ya ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a fadarsu, majalisar da suke hira. Kullum sai ya zana musu birnin tun daga farko: kamfanin matsar gyaɗa, kamfanin katifa, majema mai injuna, manyan motocin Najeriya jere kamar raƙuma a bakin rijiya, ga hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi ba hutu.

"Can hayaƙi aiki ne," in ji shi. "Ku ko da kun hangi hayaƙi sai ku kwasa da gudu, ƙauyawa kawai."

Akwai abin da ba ya faɗa. Ranar da ya sauka tasha ya hango hayaƙin nan, sai ya karyo ɗanyen reshen bedi ya ruga yana ihun gobara, yadda kowane makiyayi ke yi in daji ya kama. Ma'aikatan kamfanin da ke fitar da hayaƙin suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kunyar ta ci shi ƙwarai, ya rantse hayaƙi ba zai sake tayar da shi tsaye ba.

Bayan kaka Jimrau ya tara ciyawa da harawa a bakin hanyar Azagor, abincin shanunsa kaf har faɗuwar ruwa. Wata la'asar yana tsakiyar labarin katifa, hayaƙi ya turnuƙe daga arewa. Maƙwabcinsa Arzika ya miƙe zumbur.

"Jimrau, tashi! Wanga wajen tarinka ne!"

Ƙafar Jimrau ta so tashi, amma idon fada duk yana kansa.

"Zamna, Arzika. Masu gyaran hanya ne ka dafa kwalta. Ni da na ga Maraɗi za ka gwada ma hayaƙi?"

Abin takaicin, suka yarda da shi. Mutanen da suka yi ta kashe wutar daji tun suna samari suka koma kan tabarma, aka zuba shayi na biyu. Sai da iska ta fara yayyafa musu toka cikin kofuna sannan kowa ya karyi reshe, Jimrau a gaba, ba hula ba takalmi.

Ko daidai da dami ɗaya ba su tarar ba. Shanun sun riga shi isowa daga kiwo, suna tsaye suna sansanar ƙasa mai zafi, damina kuwa ko labarinta babu.